Gilashi Biyu a Bangon Alhaji Mumuni

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na safiyar wata Talata, a ƙarshen sanyi, mu uku ne tsaye gaban bangon ɗakin da nake kwana a unguwar Morris Heights ta Bronx: ni, da Bala direba, da Alhaji Mumuni wanda makulli ke hannunsa. Sauran mutum huɗu da muke kwana tare sun riga sun fita nema. Na faɗi lokacin da waɗanda ke wurin ne saboda daga baya maganar ta yi yawo a bakin waɗanda ba su gani ba. Wani ma cewa ya yi har da 'yan sanda. Ƙarya ne. Mu uku ne, kuma Alhaji ne ya buɗe kwaɗon da hannunsa.

Ba zan faɗi abin da muka gani ba tukuna. Ba na son labarin da aka faro daga tsakiya, kamar yadda ba na son ginin da aka faro daga rufi. Bari in bi zango-zango.

Sunana Sa'idu. Bazazzagi ne ni, ɗan magini, jikan magini. Bokona firamare ne da shekara biyu a makarantar koyon sana'a. Ƙuri'ar biza ce ta faɗo kaina, na sauka filin jirgin JFK a shekarar 2013 da cikakkiyar takarda. Wannan ne zangon farko. Wanda ya yi alkawarin tarbata bai zo ba, wayarsa a kashe. Awa biyar na yi zaune a kan akwatina, sannan wani dogon mutum ya tsaya a kaina yana kallon hulata.

"Malam, wannan hular ba ta wannan sanyin ba ce. Daga ina?"

"Zariya."

Ya dafe kai. "Ya Allah! Mun gudo har Amurka, Zazzagawa sun biyo mu. Taso ka shiga mota kafin ka daskare a bar ni da ɗaukar gawa."

Daga Hausarsa na gane Bakano ne, amma ban yi dariya ba. Na tambayi sunansa, da unguwarsu a Kano, da lambar motar, na rubuta a bayan tikitina.

"Sace ka zan yi?" in ji shi. "Wa zai sayi Bazazzagi?"

Wannan shi ne Bala, mai jiran fasinja a filin jirgi. Shi ya kai ni zango na biyu, ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani bene mai hawa biyar, irin wanda a can ake kira besmen. Alhaji Mumuni, mutumin Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, shi ne mai kula da ginin. Mai ginin kuwa ba mu taɓa ganinsa ba. Alhaji ya shimfiɗa katifu shida a gefen tukunyar ɗumama gida, ba da sanin hukuma ba. Ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, ya kira sunana da lafazinsu ya ce, "Seidu, doka uku ne a nan. Ba surutu. Ba wasiƙa da sunanka a wannan adireshi. Mai kaki ya buga ƙofa, ba kowa." Ni kaɗai ne mai cikakkiyar takarda a ɗakin. Ta Bala tana kotu. Sauran huɗun ba su da komai. A riƙe wannan, domin a kansa rigimar ta tsaya.

Gini na zo yi. A titi na 125 a Harlem wani mai Hausa tatacciya, mai yawan fara'a, ya ce ba a ɗaukar kowa aikin gini sai da katin shaida, kuma shi yana da hanya. Na saya. Da na miƙa wa shugaban ma'aikata a wani wurin gini, ya ɗaga shi sama ya duba, ya kira abokinsa suka yi dariya, ya mayar mini. Na koma titi na 125 sau huɗu, ban sake ganin mai fara'ar ba. Tun daga ranar na kafa wa kaina ƙa'ida: duk wanda ya yi mini alheri, sai na fara tambayar kaina me yake nema a wurina.

Matar Alhaji ce ta nuna mini inda ake koyar da aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Na yi makonnin, na karɓi shaida ta gaskiya. Hannun da ya saba da tubali da azara ya koma canza zanen gado. Ban gaya wa mutanen gida ba. Ran da aka yi ruwan farko na bazara na tsaya a bakin tasha ina jiran ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, bai zo ba, sai warin kwalta. Na shiga jirgin ƙasa mai lamba huɗu raina a ɓace.

Zango na uku gidan wani tsohon Bature ne a hawa na shida, can saman Manhattan, inda aka tura ni aiki. Mutumin Ingila ne, sunansa Edwin, ni kuwa Baba nake ce masa, don ba na iya kiran mai furfura da sunansa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, 'yarsa da ke aiki a asibiti ta ɗauko shi daga ƙasarsu. Ina shiga falon na ja na tsaya. Bango huɗu duk hotunan coci ne da zane-zanensa, ciki da waje, har da wani babban zane mai siffar gicciye a kan teburin cin abinci.

Na ce masa tun ranar, da Turancina mai kaushi, "Baba, ni Musulmi ne. Ina salla biyar. Biyu za su same ni a gidan nan."

Ya ce, "Ga lungu can, babu hoto. Ni ma shekara talatin da ɗaya na yi ina shiga cocin nan, ba addu'a ke kai ni ba. Bango ke kai ni. Magini ne ni."

Ban yarda ba. Wanda ya sayar mini da kati ma cewa ya yi shi ɗan'uwa ne.

Likita ta ce lallai ya riƙa tafiya kullum a barandar benen, daga ƙofarsa zuwa tagar da ke ƙarshe, yana dogara da ƙarfe mai ƙafa huɗu, ni ina riƙe da ɗamararsa ta baya. Ya tsani wannan tafiya. Sai ya ƙirƙiro dabara. Ranar farko da muka fito ya tsaya ya ce, "Wannan ƙofar tawa ita ce ƙofar yamma ta babban cocin garinmu. Cire hula. A'a, kai bar taka. Kowace ƙofar maƙwabci ginshiƙi ce. Mu shiga."

Haka muka riƙa yi kullum ƙarfe goma. Ga abin da na koya, a jere yadda yake.

Ginshiƙan farko masu kauri ne, sai mutum biyar sun haɗa hannu za su zagaye ɗaya. Mutanen da suka ƙetaro teku suka ci ƙasar da yaƙi ne suka sa aka gina su, kusan shekara ɗari tara da suka wuce, kuma bakan da ke tsakaninsu zagayayye ne kamar rabin faifai. "Kada kaurin ya ruɗe ka," in ji Baba. "Fuskar waje ce kawai sassaƙaƙƙen dutse. Ciki tarkace ne da farar ƙasa." Bangon da ke kansu hawa uku ne: manyan bakuna a ƙasa, wata siririyar hanya mai duhu a tsakiya inda magina ke bi, sannan tagogi a can sama. Rufin farko na katako ne, gobara ta cinye shi. Jikokin maginan farko suka rufe da dutse, amma su bakansu mai tsini ne, kuma sun fitar da haƙarƙari daga kan kowane ginshiƙi, suna tashi suna haɗuwa a tsakiya, inda wani sassaƙaƙƙen dutse mai nauyi ke kulle su. Baba yakan ɗaga kai ya dubi farin silin ɗin barandar har sai na ji tsoron zai faɗi ta baya.

A ƙofa ta huɗu akwai kabarin wani jarumi da siffarsa kwance a kai. A ta biyar akwai gumakan da aka fille wa kai lokacin da sarkin ƙasar ya ɓata da Paparoma, aka kuma farfasa tagogi masu launi, ba a bar ko rabi ba. A nan ban yi baƙin ciki ba. Ya lura, ya yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi.

Abin da ya taɓa ni shi ne ƙofa ta shida. Ya ce kowane magini na wancan zamani yana da alamar da yake sara wa dutsen da ya sassaƙa: wani kibiya, wani tauraro. Akwai wani mai alamar ƙafar kaza, wanda dutsensa bai taɓa karkata ba. Tun daga ginshiƙi na farko ake ganin alamarsa, har rabin na shida, daga nan babu. "Ko ya mutu, ko an kore shi, ko ya yi fushi ya tafi. Ba wanda ya san sunansa. Amma da safe nakan gaishe shi." Sai na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda in ya gama soro yakan danna tafin hannunsa a ɗanyar laka can saman ƙofa, inda mai gida ba zai gani ba. Ban gaya wa Baba ba.

Bayan ƙofa ta takwas sai lif, na'urar hawa da saukar bene. Nan ne mararraba, inda ginshiƙai huɗu ke ɗauke da hasumiya. Ya ce wani bishop, wato babban limamin coci, ya so tasa ta fi ta garin maƙwabta tsawo, ya sa aka ƙara mata hawa, ginshiƙan da aka gina don ƙaramin kaya suka fara lanƙwasa. Waɗanda suka zo baya suka tokare su. Tun daga lokacin, duk zamani sai an sami mai lura da tsagogin wurin, kuma Baba ne mai lura na zamaninsa. Gaba da lif kuwa wurin waƙarsu ne da teburin ibadarsu, har zuwa babbar tagar gabas.

A nan nake tsayawa. "Baba, iyakata ke nan."

"Baranda ce fa, Sa'idu. Ƙofar matar nan mai karnuka ce a gaba."

"Kai ka ce coci ne."

Ba ya iya tafiya ba tare da ni ba, don haka kullum a lif muke juyawa. Likita ta yi ta ƙorafi cewa tafiyarsa ba ta ƙaruwa. Da na ba da labari a besmen, Alhaji ya kaɗa kai ya ce, "Haka suke farawa. Yau ginshiƙi, gobe baftisma." Bala kuwa ya sa mini suna Fasto Sa'idu.

Wata rana Baba ya tambaye ni yadda muke rufe babban soro a Zariya. Na ce da bakan gizo. Ya ce su sai sun kafa katakon tallafi a ƙasa, su jera duwatsu a kai, sannan su zare katakon. Na ce mu ba ma kafa komai. Azara muke fitarwa daga bango ta kowane gefe, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, a bar ta ta bushe, sannan a ɗora wata ta zarce ta farko, hawa-hawa, har hannayen su haɗu a sama. Ya ce in zana masa. Nan take zuciyata ta ce littafi zai rubuta da sunansa. Sai na zana, amma na cire mataki ɗaya: ban nuna yadda ake binne gindin azara cikin bango a danne shi da nauyi ba.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya turo mini ita da yatsa.

"Wannan zai faɗo wa mutane a ka. Ko mahaifinka bai iya gini ba, ko ka ɓoye mini wani abu."

Na ji zafin maganar, na kuma ji kunya. Na karɓi fensir na cika. Ranar na yarda magini ne. Sauran abin kuwa ban yarda ba tukuna.

Zango na huɗu shi ne tsagar. A shekarata ta biyu aka rushe tsohon garejin da ke jikin beninmu, aka kawo injin haƙa, za a gina sabon bene. Ramin ya zurfafa har ya wuce gindin bangonmu. Bayan mako uku na ga layi a bangon da ke kan katifata, yana hawa kamar matakala, samansa ya fi ƙasansa faɗi. Ƙofar besmen ta fara cijewa. Na nuna wa Alhaji.

"Tsohon gida ne, Seidu. Duk gidan Bronx haka yake."

Washegari ya cusa siminti a ciki, ya shafa fenti, ya rataya kalanda. Mahaifina yakan ce tsaga iri biyu ce, mai barci da mai tafiya, kuma yakan shafa ɗanyar laka a kanta ya dawo bayan kwana uku ya gani ko ta buɗe. Amma a nan an riga an rufe mata fuska, kuma laka ba ta kama fenti.

Na gaya wa Baba, ba don na yarda da shi ba, sai don ba ni da wanda zan gaya wa. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni faɗinta, da inda ta nufa, da mutum nawa ke kwana a ƙasa, da nawa ke sama. Sannan ya sa na ɗauko wani tsohon gwangwanin taba daga durowarsa. Ciki ƙananan gilasai ne sirara guda huɗu, kowanne tsawon yatsa.

"Da waɗannan nake sauraron ginshiƙan hasumiya. Ka kankare fentin. Ka ɗora gilashin a gicciye kan tsagar, ka manne bakinsa biyu da gam mai ƙarfi, tsakiyarsa a sake. Ka rubuta ranar a gefe. Gilashi ba ya miƙewa. In bangon ya motsa ko da kaurin gashi ne, zai karye."

Ya ƙara da cewa a wani gari a ƙasarsu hasumiya ta taɓa ruftawa tsakiyar coci, ba wanda ya mutu, domin malaman cocin sun ga alama sun kwashe kayansu tun kafin ranar.

Na manna. Da yamma mutanen ɗakin suka taru a kai.

"Mene ne wannan?" in ji Bala. "Tsafin Turawa?"

Wani daga cikin huɗun, mai sayar da jakunkuna a Harlem, ya ce, "Na'ura ce. Da irinta ake naɗar magana." A shekarun nan kowa na tsoron ɗan leƙen asiri a masallaci da shagon shayi, ba wanda ya yi dariya. Tun daga ranar in na shigo sai hira ta mutu.

Kwana tara gilashin ya karye. Alhaji ya ce jirgi mai lamba huɗu ne ke girgiza unguwa. Mai jakunkuna ya ce ni na karya. Ni kuma, in faɗi gaskiya, Bala na zarga, don ya cika wasa. Ba wanda ya yarda da wani.

Baba ya ce, "To a yi biyu. Ɗaya a kan tsagar, ɗaya a kan lafiyayyen bango kusa da ita. In jirgi ne, duka za su karye. Kuma ka rufe su, ka ba wanda ya fi ƙin yarda makullin."

Na samo ƙaramin akwatin katako, na cire bayansa, na kafe shi a bango ya rufe gilasan biyu ba tare da ya taɓa su ba. Alhaji ya kawo kwaɗonsa, ya rubuta ranar da hannunsa, ya kulle, ya sa makullin a aljihu. Muka yi alkawarin kwana bakwai.

Yanzu mun dawo safiyar Talata, ƙarfe bakwai da minti ashirin. Alhaji ya buɗe. Gilashin lafiyayyen bango yana nan garau. Na kan tsagar ya rabu biyu, kuma bakin ɗaya ya zarce ɗaya, har farce na shiga tsakani.

Bala ne ya fara magana, kuma ba wasa a muryarsa. "Bazazzagi, a kan kaina nake kwana da wannan?"

Alhaji ya zauna a kan katifa. Ya ce, "Seidu, kai kana da takarda. Ka kira hukuma, su zo su ga katifa shida. Ni aikina ya tafi. Yaran nan huɗu fa? Ka san inda za a kai su?"

"Alhaji, sama da mu hawa biyar ne. Iyalinka suna na biyu."

"Allah ne ke tsarewa."

"Shi ne. Shi ne kuma ya nuna mana."

"Baturen coci ne ya nuna maka!"

Na ce masa ga yadda za a yi. Na farko, yau da gobe kowa ya kwashe kayansa, a nema musu wuri a gidajen jama'ar masallaci. Na biyu, a fitar da katifun, a share ɗakin. Na uku, ranar Alhamis ƙarfe tara na safe zan kira layin ƙorafi na gari, in ba da sunana, in ce bango na tafiya. Ba zan ambaci kowa ba. In an tambaye ni wa ke kwana a nan, zan ce ni. Amma Alhamis ba za ta zama Juma'a ba.

Ya dube ni ya ce, "Na ba ka wurin kwana ran da ba ka san kowa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma har yau maganar tana ci mini rai. Kwana biyun nan ban ci abincin kirki ba, domin na san in bangon ya sauka kafin Alhamis, jinkirin nawa ne.

Bala ya yi jigila sau biyar da motarsa, ya bar fasinjan filin jirgi. Ranar Alhamis ƙarfe tara na kira. Kafin la'asar sufetocin gini suka zo. Ɗayansu ya tsaya gaban gilasan ya tambayi wanda ya manna, na ce ni ne, ya ɗauki hoto. Suka tsayar da haƙar maƙwabta, aka tokare bangon da manyan katakai ciki da waje, aka fitar da mutanen gefen nan na benen na wasu makonni, aka rufe besmen. Ba a kama kowa ba. Alhaji bai rasa aikinsa ba, amma an ja masa kunne, kuma ɗakin bai sake buɗewa ba. Biyu daga cikin huɗun suka bar New York, don ba su sami wurin da za su iya ba.

Bangon bai faɗi ba. Wannan ne aka riƙe a kaina. A masallaci na ji da kunnena ana cewa, "Ina rushewar da ya ce? Ga gida nan tsaye." Aka ce Bature ne ya saye ni. Alhaji ya daina amsa sallamata. Matarsa dai ta aiko mini da kwanon wake da shinkafa irin na mutanen Gana ta hannun Bala, ba saƙo, ba komai. Na daɗe ina kallon kwanon ina neman abin da take nufi, daga baya na ci.

Na kai wa Baba ƙara. Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ina hawa hasumiyar nan, ba ta faɗi ba. Da na yi ritaya wani ya tambaye ni wai me nake yi a can sama duk tsawon lokacin. Aikinmu ke nan. In ka yi shi daidai, ba abin da ke faruwa."

Ƙarfe goma ta yi, muka fita baranda. Muka wuce ginshiƙai, muka gaida mai ƙafar kaza, muka iso lif. Ya fara juya ƙarfensa kamar kullum. Na riƙe ɗamarar na ce, "Mu ƙarasa, Baba. Bango zan duba." Ya nuna mini kujerun katako masu sassaƙa, da siraran ginshiƙai na baƙin dutse, da inda haƙarƙarin rufi ya yi rassa kamar giginya. Muka isa tagar ƙarshe yana haki. Ta tagar ba abin da ake gani sai wurin ajiye motoci. Bai ce mini in yi komai na ibadarsu ba, bai taɓa cewa ba. Muka dawo, na shiga lunguna na yi azahar.

Ya rasu a sanyin da ya biyo baya. 'Yarsa ta ba ni gwangwanin tabar, ta ce shi ya ce. Gilashi ɗaya ya rage a ciki. Yanzu ina da katin gini na gaskiya, ina aikin gyaran tsofaffin bangaye a Queens, kuma Bala har yau Fasto yake ce mini.

Ga roƙona gare ka, mai karatu, musamman in kana kwana a ƙarƙashin benen wani a ƙasar da ba taka ba. Yau, kafin ka fita nema, ka ɗaga kalandar da ke bangon ɗakinka ka duba bayanta. In ka ga tsaga, ka sami gilashi siriri guda biyu, ɗaya a kanta, ɗaya a gefe, ka rubuta ranar. In na kanta ya karye, ka fitar da 'yan'uwanka tukuna, sannan ka kira, kuma ka sa ranar da ba za ka ɗaga ba. In kuma hanya ta kai ka Morris Heights ka haɗu da Alhaji Mumuni, ka gaya masa kwaɗonsa yana wurina, ban yar ba. Ya zo ya karɓa, ko ya ba ni izini in kai masa.